Saurayin cikin bargo

A gidan rediyon da nake aiki a unguwar Marylebone, a nan Turai, har da tantance jaridu a cikin aikina. Kafin mu karanta wa masu sauraro labarin wata jarida, sai mun san ta wa ce, gwamnati take bi ko 'yan adawa, tana ƙara gishiri ko ba ta ƙarawa. Na saba da na Turanci. Wata ta Girka kuwa da na ci karo da ita, ko sunanta ban iya karantawa, haruffan kamar an watsa ƙugiyoyi a faranti.

Wata mai shagon atamfa a unguwar Deptford ce ta haɗa ni da jaridar, 'yar Kano, wadda na daɗe ina sayayya a wurinta. Ƙaninta ya bi ta Libiya zai tsallaka Turai, aka ji kwalekwalensu ya nitse kusa da Girka, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A gida maza sun fara maganar sallar ga'ib, mahaifiyarsu ce kaɗai ta ce ba da ita ba. Ranar da na shiga shagon, ko gaisuwa ba mu gama ba ta miƙo mini waya. Shafin farko ne na wata jaridar Girka mai fitowa kullum: waɗanda aka ceto suna tsaye a bakin ruwa, kowa lulluɓe da bargo. Duk sun sunkuyar da kai, sai saurayi ɗaya da ya ƙura wa mai ɗaukar hoton ido. Ta nuna mini hoton ƙaninta. Har 'yar karkatar kunnen iri ɗaya ce.

"Anti, ke kika san jaridu," ta ce. "Ki yi mini checking. In ba ta ƙarya, sai in kira Inna."

Na ce ta dakata tukuna, kada ta kira kowa.

Washegari da hantsi na nemi wata tsohuwar abokiyar aikina 'yar Girka da ta yi ritaya, mace mai baƙar magana wadda ba ta taɓa yabon jaridar kowa ba. Ta ce wannan tsohuwar jarida ce ta masu ra'ayin riƙau, gwamnati take karewa, amma ba ta ƙirƙirar labari. In shari'a ce ko kasafin kuɗi, zan iya dogara da ita. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ta ce amma batun teku daban ne. Jaridar tana son a ga sojojin ruwansu suna ceto, in kuwa mai hotonta bai isa tsibirin ba, sai ta ɗauko tsohon hoto ta manna, ta rubuta hakan da ƙananan haruffa a gefe. Ta buɗa hoton da yatsunta, ga kuwa 'yar kalmar a tsaye a gefen. Ba ta daɗe tana nema ba ta samo inda aka fara buga shi. Bara ne, lokacin da yaron yake Kano yana ɗinki a shagon kawunsa.

Na daɗe ina kallon fuskar. Tsoro ya kama ni ƙwarai, domin yanzu na san ba shi ba ne, amma idona ya ƙi yarda.

Na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na koma Deptford ina ta shirya yadda zan faɗa mata a hankali. Tun daga ƙofa na ji ƙanshin turaren wuta. Ashe ba ta iya haƙuri ba, tun jiya ta tura hoton gida, an fasa sallar, an dafa abinci an raba wa maƙwabta. Na gaya mata duk abin da na gano, ban rage komai ba. Ta ci gaba da ninke atamfa, daga baya ta ce ita kam ba za ta iya sake kiran Inna da wannan maganar ba. Ban matsa mata ba.

Watanni suka wuce. Wani kwalekwalen ya sake nitsewa, jaridar kuma ta sake buga hoton nan, bargo ɗaya, kallo ɗaya. Wani ɗan unguwarsu da ke zaune a Girka ya gani, ya tura Kano da murnarsa. Ina ofis da rana tsaka mai shagon ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Anti, Inna ta ce a tambaye ki, tunda ke kika san jaridu. Wai tunda an riga an fito da shi, me ya sa yake ta komawa cikin ruwan?"