Shekarar da na raba gonarmu biyu don in gwada Allah

Shekarun baya, lokacin ina ganin babu tambayar da ta fi ƙarfin kaina, wani baƙon mai wa'azi ya zo majami'armu a wajen Dayi. Ya ce duk wanda ruhunsa ya girma, jikinsa zai yi lafiya, rumbunsa zai cika. Kowa ya ce amin. Ni kuwa sai na waiga na kalli mahaifina.

Baba dattijon ikilisiya ne, ban san wanda ya fi shi addu'a ba. Amma ga ciwon sukari, ga gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa, kuma ranar godiyar kaka, da kowa ke kawo dawa gaban majami'a, daminmu ne ƙarami. To ina maganar ta karkace? Wa'azin ne ba daidai ba, ko Baba ne bai girma ba? Abin ya hana ni sakat.

Shekarar ni ke riƙe da gona saboda ƙafarsa, kuma ita kaɗai ce cin gidanmu. Sai na ƙulla dabara. Na kafa turke a tsakiya. Rabin gabas na zuba taki, na yi firi, wato noman farko, na yi maimai. Rabin yamma, mai iyaka da gonar maƙwabcinmu, wani Malami Musulmi, na yi firi kawai na bar shi da addu'a da azumi. Wai ni mai bincike!

Da na faɗa wa Baba, sai ya ce, “To, gonarka ce bana.” Mahaifiyata kuwa cewa ta yi, “Idan yunwa ta zo, sai ka dafa mana binciken.”

Dawa ta fara tasawa, sai wuta-wuta ta ɓullo a rabin yamma, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse dawa tun daga saiwa. Na ce ba zan taɓa ta ba, kada in ɓata gwaji. Abin mamaki, kullum na zo sai in ga ta ragu. Kai, na yi murna! Har na soma shirya shaidar da zan bayar ranar Lahadi.

Wata safiya na yi sammako don in gani da idona. Sai ga Baba durƙushe tsakanin kunyoyi, sandarsa a gefe, tsumman ƙafarsa ya jiƙe da laka, yana tuge ta ɗaya bayan ɗaya yana cusawa a buhu.

Na ce, “Haba Baba! Ka ɓata mini gwaji!”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Dawarka tsakaninka da Allah ce, ban taɓa ta ba. Amma in wannan ta zubar da iri, iska gonar Malam za ta kai shi, ya shekara goma yana fama. Shi me ya yi maka?”

Kunya ta rufe ni. Na karɓi buhun, na goya Baba zuwa gida, ya fi yadda nake zato rashin nauyi. Gyambon ya ƙara buɗewa, sai da muka yi ta zarya asibiti a Malumfashi.

Rabin yamma bai ba mu abin kirki ba, kuma tun kafin bazara ta yi nisa muka koma tuwo sau ɗaya a rana. Mahaifiyata ba ta sake tuna mini maganar dafa bincike ba.

Har yau ban warware tambayata ba. Baba ya rasu da gyambonsa, rumbunsa bai taɓa cika ba. Na dai gane cewa ni na je neman girman ruhu a bakin rumbu, alhali yana nan durƙushe a laka, yana tsare gonar wani. Malam bai taɓa sani ba, don Baba ya hana a faɗa.

Yanzu duk inda na ga jan furen nan, ko gonar waye, sai na tsayar da babur na sauka na tuge. Matata tana ce mini, “Gonarka ce?” Sai in ce a'a, ta maƙwabcin wani ce.