Ranar da Baffa Ya Datse Mini Fatsa

Jiya ƙanshin bandar kifi ya buge ni a kasuwar Kafin Hausa, sai Baffa, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai. Ya shekara uku a ƙasa, amma haushinsa bai sake ni ba.

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafata, na haura tudu na gangara ƙoramar da yake su, don yarana su sami na miya. Na jefa fatsa, tarwaɗa ta kama, ina ja, sai ga Baffa, ya sa wuƙa ya datse zaren.

"Ubanka bai bar maka ruwa a nan ba," in ji shi.

Na koma gida hannu rabbana, laka na bushewa a ƙafata.

Allah ya jiƙansa. Ni kuwa, Allah ya nuna mini ranar da zan faɗi haka har zuciya.