Littafin da Baba Ya Buɗe Ta Baya

Masu son fara littafin labari cikin zane sukan tambaye ni ta ina za su kama. Amsata ba ta canzawa: baƙin biro, farar takarda, da mutum ɗaya da zai duba kafin ka buga da yawa. Sukan kuma tambayi dalilin 'yar kibiyar da nake sawa a ƙasan kowane shafi.

A gidanmu na Sandamu na yi littafina na farko. Na ninke takardu gida biyu, na ja akwatuna da rula, na zana da fensir sannan na bi da baƙin biro, don injin fotokwafi ba ya ganin fensir sosai. Labarin wani saurayi ne da birni ya gasa wa aya a hannu, ya hau mota ya dawo gida. A shafin ƙarshe ga shi zaune da ubansa a gindin rumbu. Rubutu kaɗan na sa, na bar zanen ya yi magana. Na kai Daura, shagon wata 'yar Ibo, ta buga mini ta ɗinke tsakiyar da ƙusar takarda.

Baba na fara miƙa wa, ina ta washe baki. Shi karatun allo ya yi, duk littafin da ya taɓa riƙewa daga dama ake buɗe shi. Wannan bai zo mini a rai ba.

Da magariba aka kai masa tuwo, kwanon ya dawo yadda aka kai shi. Washegari a gona ni da shi muka zauna shan fura.

"To yaushe ne tafiyar?" in ji shi.

Na ce wace tafiya. Ya zaro littafin daga aljihu, ya buɗe shi ta baya.

"Ga mu nan ni da kai a gindin rumbu. Ga ka a mota. Ga ka can birni kai kaɗai. Ai da ka faɗa mani da baki."

Na so yin dariya, amma tausayinsa ya kama ni. Na juya littafin a hannunsa, na kama yatsansa muka bi akwatunan daga hagu, ɗaya bayan ɗaya, har yaron ya iso gida. Ya daɗe yana kallon shafin ƙarshe, sannan ya jawo ƙwaryar furar.

"To ka sa alama," in ji shi. "Kada wani uban ya kwana da yunwa a banza."