Wutsiyar Kalma a Wasiƙar Baffa

Ranar wata Laraba ce, saura mako biyu babbar Sallah, ina aji biyar na firamare. Ina tsugune a ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Taramniya muna carafke da ƙawata Luba, na kusa cinye ta ke nan, sai ga mahaifina ya dawo daga gidan waya riƙe da ambulan mai ratsin shuɗi da ja a baki. Ya miƙo mini ya ce in shiga in karanta wa Baffa. Na zubar da duwatsun ina ƙunƙuni, na gargaɗi Luba kada ta kuskura ta taɓa su, yanzu-yanzu zan dawo. Wannan gaggawa ita ta cuce ni.

Baffa yayan mahaifina ne. Gidanmu gidan fata ne tun kakanni, duk inda ka juya fatun jar akuya ne a shanye a kan igiya, ga warin bagaruwa da ya kama bango da tufafinmu, har 'yan ajinmu ke toshe hanci don tsokana. Da ƙuruciyarsa an tura Baffa Jamus koyon jima irin ta masana'anta. A can ya yi aure. Da kakanmu ya rasu ya dawo ya riƙe gida, ya bar matar da ciki a kan cewa zai koma, bai koma ba. Ita kuma ta yi fushi ta ɗauke masa wasiƙa, ko abin da ta haifa ba ta sanar da shi ba. Bai sake samun haihuwa ba. Lokacin da na yi wayo yanar ido ta riga ta rufe masa gani, sai ya zaɓe ni cikin yaran gidan ya ce ni zan zama idonsa, wai bakina ya fi na kowa kaifi.

Kullum bayan la'asar, in na gama ɗebo ruwa da wanke-wanke na zuba wa awaki dusa, sai in same shi a zaure a kan buzunsa, da wani tsohon littafi da ya rasa bango. Da Hausa yake shigar da ni. Yakan ce ai mu ma muna cewa rago nawa, akuya tawa, to su ma Jamusawa haka: “mein” na namiji, “meine” ta mace, “dein” naka ko naki, “deine” taka ko taki. Ɗan harafin nan na ƙarshe shi yake kira wutsiya. Abin da ke ba shi dariya, mu jam'inmu maza yake bi, awaki nawa, su kuwa nasu mata yake bi, ya ɗauki wutsiya. Ga kuma wani jinsi na uku da ba namiji ba mace, har kalmar yaro a cikinsa take. Ni dai na ɗauki wannan a kan neman magana irin ta Turawa. Na iya haɗa baƙi, na haddace kalmomi, amma wutsiyar nan haɗiye ta nake yi, don kullum hankalina na waje inda ake gaɗa. Yakan buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Ke ɗiyar ga, wutsiyar ita ka hwaɗin mace ta ko namiji na.”

Wasiƙar gajera ce, layi bai fi takwas ba. Ina karantawa ina tuntuɓe, shi yana fassara wa kansa a hankali. Mai rubutun ya ce mahaifiyarsa ta rasu, a cikin kayanta ya tsinci adireshin nan, kuma shi mai rubutun shi ne cikin da Baffa ya tafi ya bari, in Baffa yana tuna su ya rubuto. A tsakiya akwai “dein Kind”, wato ɗanka ko ɗiyarka, ba a bambancewa. A ƙasa kuma aka sa hannu da suna Toni, da kalma guda a gabansa. Baffa ya riƙe mini hannu. Ya ce sunan nan maza na yi, mata na yi, sai dai kalmar da ke gaba ta raba gardama. “Duba da kyau, da wutsiya ko babu?” Na ɗan leƙa takardar, kunnena na jin ƙarar duwatsu a hannun Luba, na ce babu. Ya sake tambaya, na sake cewa babu, har da rantsuwa. Hawaye na bin gemunsa ya ce, “Namiji na. Ashe ina da ɗa.”

Kafin magariba unguwa ta ɗauka. Baffa ya sa aka yanka rago, ya raɗa wa ɗan suna Usmanu, ya sa aka yi masa jagora har Hubbare, makwancin Mujaddadi, ya yi sadaka. Ya sa aka ɗinka babbar riga da hula, shi da kansa ya lalubo fata mafi laushi aka yi takalmin maza. Ni na rubuta amsar yana faɗa mini baƙi-baƙi, ta fara da “ɗana abin ƙaunata”, ta ƙare da cewa duk gidan fatar nan yana jiran magajinsa. Ni kuwa sai rawar kai nake, kowa na cewa yarinyar nan ta ji Jamusanci.

Bayan an aika kayan, sai ya mayar da ita al'ada, duk Juma'a in an sauko daga masallaci in ɗauko wasiƙar a akwatinsa in sake karanta masa. A Juma'a ta biyu, ba wanda ke jirana a waje, na buɗe takardar sosai na shafe ninkin da yatsa. Ga wutsiyar nan, 'yar ƙarama, kwance daidai kan ninkin. “Deine Toni.” Mace ce. Na tuna ragon, da rantsuwata, da dariyar da su Luba za su yi mini, na ɗaga kai na ga fuskar Baffa yana murmushi yana jira. Na karanta yadda na saba. Kuskuren farko na yarinta ne, wannan kuwa da sanina na yi, kuma na ci gaba da yin sa duk Juma'a har shekara uku.

Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Baffa yakan ce hanya ce da nisa, ko kuma Usmanu aiki ya yi masa yawa. Ni kaɗai nake kwatanta mace a wata ƙasa ta buɗe ƙunshi ta tarar da hula da takalmin maza, da wasiƙar uban da ke murnar samun magaji, alhali ta rubuta masa ko ita wace ce da hannunta. Ban san ko wannan ne ya sa ta yi shiru ba. Abin da na sani, layi biyu na ban haƙuri da sun isa, kuma da Baffa ya yi murna da ita kamar yadda ya yi, don ban taɓa ganin ya fifita yaran gidan maza a kaina ba.

Bayan na yi aure na rubuta zuwa adireshin, wasiƙar ta dawo mini ba a buɗe ba. Yau 'ya'yana waya kawai suke ɗorawa a kan rubutun kowane harshe ta fassara musu, su kira wanda ke bangon duniya su ga fuskarsa, babu mai jingina zuciyarsa a kan idon yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Ina yi musu murna, amma nakan so a ba ni Juma'a guda daga cikin waɗancan. Baffa ya rasu yana yi wa ɗan da bai haifa ba addu'a, ɗiyar da ya haifa kuwa ban bari ya ambace ta ko sau ɗaya ba.