Itatuwan da Agali ya nuna mini

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka binne Agali, kuma har yau akwai maganar da ban faɗa wa iyalinsa ba.

Agali Ba'abzine ne mai garka, wato lambu. Ni kuwa direban kamiyo ne, babbar motar kaya, daga Damagaram, aikin ma'adini ya kawo ni Arlit. Kowace Jumma'a da hantsi yakan tara mu, ma'aikata da malaman lakwal, wato makarantar boko, ya ja mu a ƙafa cikin wata ƙorama. Ya nuna mana duwatsun da ya jera don ruwan damina ya tsaya ya jiƙa ƙasa, da 'yan aduwar da ya kewaye da ƙaya. A wurinsu ba a sa wa ɗanyen itace gatari, doguwar ƙugiya ake sawa a kaɗo wa awaki 'ya'ya. In na tsaya haki sai ya yi dariya: "Isufu, mota ta cinye ƙafarka!" Can bayan wani dutse akwai manyan itatuwa, mu kaɗai ya nuna wa su.

Sai fari ya zo, kamfani ya sallame mu, tawaye ya biyo baya. Agali ya kwashe iyalinsa ya hau dutse. Itacen girki ya yi wuya a gari, ga yara shida a gidana. Na san hanya. Na ɗauki masu sara, muka yi ta jigila har wurin ya zama fili.

Da ƙura ta lafa ya dawo, ya same ni ran Jumma'a ya ce in tashi mu tafi. Mu biyu kawai. Kowane kututture sai ya tsaya ya dafa shi. Ni da ya kamata in faɗi gaskiya, wallahi sai na ji bakina ya ce, "Allah ya isa!" Ya dube ni ya ce, "A'a, kada ka ce haka. Wataƙila wanda ya sare su yara gare shi." Ko ya sani? Shekara huɗu muna shan shayi tare bayan nan, bai sake tayar da zancen ba, ni ma tsoro ya hana ni.

Da zai ga ƙoramar yau, ƙarar motocin masu neman zinariya za ta ɓata masa rai. Amma duwatsunsa na nan, 'yan aduwar nan sun fi raƙumi tsawo, kuma 'yarsa Fatimata ce ke jan mutane ran Jumma'a.

Makon jiya ta zo har gida. Ta ce, "Baba Isufu, kai kaɗai ka rage da ka san inda manyan itatuwan suke a da. Zo ka nuna mana, mu dasa wasu."

Na ce mata zan zo. Amma na kasa kallon idonta, shi ya sa na rubuta a nan. Fatimata, ni ne na sare su. In kin karanta kina so in zo, ki aiko.