Tsohon da Aka Ce Ba Shi da Kowa

Ni direba ne, motar 'yan yawon buɗe ido nake ja, kuma duk wanda ya daɗe a wannan aiki zai gaya maka cewa baƙo ba ƙasa yake zuwa gani ba, abin da ya riga ya ƙudurta a ransa yake zuwa nema. Hanyarmu ɗaya ce kullum. Da safe mu kwashe su a otal, mu kai su tsohon sansanin da ke bakin teku, su shafa igwogin da tsatsa ta cinye, su leƙa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka riƙa tsare bayi, su fito suna share gumi da hawaye. Da la'asar mu haura daji inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, birai su fizge musu ayaba da huluna, su kuwa su yi ta murna kamar an yi musu kyauta. Tsakanin sansani da daji akwai tsayawa ɗaya a tsohuwar unguwa, a ƙofar wani gidan dutse mai rufin ciyawa. Nan ne wurin Baba Kuku.

Sunan ba na zolaya ba ne, sana'arsa ce. Tun yana saurayi yake girki a gidajen Turawa, daga baya ya koma babban otal, wannan dai da muke ɗauko baƙi a cikinsa, ya tsufa a gaban murhunsa da farar hula a ka. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, mai goge takalmi ko da lungu zai shiga, mai karanta jarida daga shafin farko har tallan magani. Turanci kuwa a bakinsa yake kamar a ciki aka haife shi. Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, shi ma sai da girma ya fara kama shi, uwar kuma ta rasu yaron yana firamare. Baba bai sake aure ba. Shi ne uwa shi ne uba, shi ke wanki, shi ke guga, kuma a kan teburin kicin ya koya wa yaron Turanci, yana ɗaga cokali yana faɗin sunansa, yaro yana maimaitawa.

Wannan yaron shi ne Jagora, mai riƙe lasifika a gaban motata yana ba baƙi labari. Kyakkyawa ne, ba zan rage masa ba, ga ƙamshin turare, ga baki mai zaƙi, zai iya sayar wa mai rijiya ruwa. Amma albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Abin ya faro ne daga ɗan ƙaramin abu. Wata rana da zafi ya tsananta, Baba ya fito ƙofar gida daga shi sai ɗan zane a ƙugu, ya cire tabarau saboda gumi, haƙoransa na roba suna jiƙe a kofi a ɗaki, yana saƙa kwando don rage zaman banza. Muka biyo da baƙi a ƙafa. Wani ya tsaya ya ɗauki hotonsa, ya juya ya tambayi Jagora ko wane ne wannan. Lokacin Jagora bai daɗe da kama aiki ba, rigarsa sai ƙyalli take. Ya kalli ubansa, ya kalli baƙin, na ga kunya ta rufe shi. Ya ce ai wani tsoho ne na unguwar, ya haura shekara ɗari, bai taɓa sa takalmi ba. Baba ya ji, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da saƙarsa, don kada ya ba ɗansa kunya a gaban mutane.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan dai ta yi 'ya'ya har da jikoki. Baƙin suka koma otal ba su zancen igwa, ba su zancen ruwa, sai zancen tsoho. Manajan kamfaninmu ya ji, ya ce a sa tsayawar a cikin tsari. Kafin damina ta zagayo hoton Baba ya hau jikin motata, ƙato, kusa da na biri.

Daga nan aiki ya samu ƙa'ida. Kowace safiya, kafin mu je otal, Jagora zai biya gida a kan babur. Zai karɓi tabarau, ya karɓi haƙora, ya karɓi agogo da 'yar rediyo, ya zuba a jakarsa ya tafi da su, wai kada Baba ya manta ya fito da ɗaya. Zai ɗebi toka ya shafa masa a ƙwauri da gwiwar hannu, mutumin da a rayuwarsa bai taɓa fita ba tare da ya shafa mai ba. Doka kuma uku ce: kada ya yi magana, kada ya nuna yana jin Turanci, kada ya yi dariya ko an yi abin dariya. Da yamma ake mayar masa da kayansa. Ranar da Jagora ya sha'afa ya wuce gidansa na cikin gari, sai Baba ya kwana ba ido ba haƙori, ya jiƙa burodi a shayi ya tsotsa.

Labarin ma ya yi ta girma. Yau a ce bai taɓa shiga mota ba, gobe a ce tsoron madubi yake. Baba yana zaune yana ji, fuskarsa shiru. Baƙi su tsuguna su ɗora kansu a kafaɗarsa su ɗauki hoto, wasu su taɓa tafin ƙafarsa su ji ko da gaske ya yi kaushi, wata ta taɓa ɗaga masa leɓe da yatsa ta leƙa dasashi. Duk wannan ya shanye. Abin da ke cinsa jimla ɗaya ce, wadda Jagora ya gano ita ce ke sa mata su buɗe jaka: yakan sassauta murya ya ce tsohon nan ba shi da kowa a duniya, bai bar ɗa ba bai bar jika ba, kamfaninmu ne kawai ke tausaya masa.

Ni na san tana cinsa, domin na taɓa jin su. Na shiga gidan neman ruwan da zan zuba a lagireto, na tarar Jagora yana shafa masa toka.

"Yaron nan," in ji Baba, "ka ce ban taɓa sa takalmi ba, na yarda. Ka ce tsoron madubi nake, na yarda. Amma ka daina cewa ba ni da ɗa. Ko sau ɗaya ne ka ce musu wannan mahaifina ne, ka ga ko motar za ta kife."

"Baba, kai ma ka san aiki," in ji Jagora, bai ko ɗago ba. "Wa zai tsallako teku don ya ga uban jagora? Kowa yana da uba a gida. Miƙo ɗayar ƙafar."

Baba ya miƙa. Na fito da galan ɗina raina a ɓace, a hanya na ce wa Jagora abin da yake yi ba kyau, ko kare ya san wanda ya ciyar da shi. Ya ce in kula da sitiyarina, direbobi sun fi yashin teku yawa. Na kula da sitiyarina. Ina da iyali, kuma gaskiya ya faɗa.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru. Jagora ya yi aure a cikin gari, aka haifa masa ɗa, amma bai taɓa kawo yaron unguwar ba, wai kada maƙwabta su saba ganinsa su yi suɓul da baka a gaban baƙi. A waya Baba ya ga jikansa, ita ma wayar tawa ce. Ya rame, kafaɗunsa suka fito, ƙaryar ta fara kama da gaskiya. Manaja har yabawa yake, wai tsohon kullum ƙara kyau yake a hoto.

Ranar da abin ya fashe, an yi ruwa da safe, rana ta fito da huci, ƙasa tana tururi. Motar cike take. A cikin baƙin akwai wata tsohuwa mai farin gashi da sandar dogarawa. Da Jagora ya kai wurin jimlarsa, ya sassauta murya kamar kullum, sai tsohuwar ta ɗaga hannu. Ta ce ita ma ita kaɗai take zaune a ƙasarsu, kuma abin da ke hana ta sukuni shi ne wa zai tsaya a kanta ranar da ta mutu. To shi wannan bawan Allah, wa zai binne shi?

Tambayar ba ta cikin tsari, amma Jagora ba ya rasa amsa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce irinsu ba su damu da wannan ba. Ranar da ya mutu masu kwasar shara na unguwa za su ɗauke shi, ba mai kuka, ba mai zaman makoki, shi ke nan.

Baba ya ajiye kwandon. Ya dafa bango ya miƙe, abin da bai taɓa yi ba a gaban baƙi. Ba ya ganin fuskoki sosai, sai ya juya inda ya ji muryar tsohuwar. Ya yi magana da Turanci, ba haƙora, kalmomin suna fitowa da iska, amma kowa ya ji.

"Madam, ina da ɗa. Ga shi nan tsaye a gabanki. Ni na koya masa Turancin da yake yi muku. Otal ɗin da kuka kwana, ni na yi wa irinku girki a cikinsa har na tsufa."

Ni ina jingine da mota, wallahi daɗi ya kama ni har cikin ƙashi, na ce yau ramin ƙarya ya ƙure. Na kalli Jagora, na ga gumi ya keto masa, bakinsa a buɗe. Na ɗauka zai durƙusa. Shi ma Baba abin da yake jira ke nan, don hannunsa ya ɗan miƙa gaba.

Sai Jagora ya tuntsire da dariya. Ya taka ya je ya dafa kafaɗar ubansa, ya jawo shi jikinsa, ya juya ga baƙi.

"Kun ji ko? Na daɗe ina koya masa wannan, na ɓoye muku ne don in ba ku mamaki. Ko kalma ɗaya bai san ma'anarta ba, haddacewa ya yi kamar aku. Ku tafa masa."

Sannan ya sunkuya kusa da kunnen Baba, murmushi bai bar fuskarsa ba, ya ce da harshenmu, "Maimaita, Baba. In ba ka maimaita ba ka kashe ni. Yau za a kore ni, jikanka ya rasa abin da zai ci. Maimaita kamar yadda ka faɗa."

Baba ya juya ya fuskanci baƙin. Sannan ya maimaita, kalma bayan kalma, bai ƙara ba bai rage ba. Baƙi suka kece da dariya, suka tafa, wayoyi suka tashi sama. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta lalubo alewa a jakarta ta danƙa masa a tafin hannu. Ranar ban san yadda na kai motar daji ba, tsanar yaron nan ta cika mini ciki har ba na son jin numfashinsa a kusa da ni.

Manaja da ya ga bidiyon ya ce wannan ai ya fi komai, a sa shi a tsari. Yanzu baƙi tun daga otal suke tambayar tsohon da ke magana. In an zo wurin, Jagora zai gama zancen rashin ɗa da jika, ya matsa ya dafa kafaɗar Baba, wannan ce alamar. Baba ya miƙe ya ce yana da ɗa, ga shi nan tsaye. A yi dariya, a tafa, mu wuce wurin birai.

Wata yamma Jagora yana sauri, ya ba ni jakar in miƙa wa Baba. Na tarar da Baba a tsakar gida yana wanke toka daga ƙafafunsa. Ya karɓi haƙoran ya ɗauraye ya sa, ya goge tabarau da gefen zane ya maƙala, ya dube ni ya ce, "Direba, sannu da aiki. Zauna in dafa maka shayi."

Na ce ban zo shan shayi ba. "Baba, don girman Allah me ya sa kake yarda? Gobe in ka miƙe, ka ce wani abu daban. Ka tambayi ɗayansu daga ina ya zo, ka yi hira da shi. Nan take asirinsa zai tonu."

"Asirin wa?" in ji shi. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"To ka ce ba ka da lafiya. Ka ƙi fitowa. Ai ba ɗaure ka aka yi ba."

Ya shiga tsane ƙafa da tsumma, a hankali, yatsa bayan yatsa. Da ya gama ya ninke tsumman ya ajiye.

"Kai ba ka lura ba ne," ya ce. "Rabon da yaron nan ya taɓa jikina ba don shafa toka ba, tun yana makaranta. Yanzu kullum sai ya dafa kafaɗata. In na daina faɗa, zai daina."

Na sha shayin, na yi masa sallama. Washegari na kawo masa mota cike.