Garwashin da Babu Shi a Takardun Malam

Ni Ibo ce, kuma Bayahudiya, amma a Suleja aka yanke mini cibiya, a unguwar Wambai, cikin gidan hayar wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka Delu. Iyayena sun raɗa mini suna Ngozi. Kaka ta ce ita harshenta ba zai karye a kan wannan suna ba. Tunda ranar Asabar na zo duniya, Asabe ce ni, magana ta ƙare. Kafin in iya gaisuwa da Ibo na riga na iya zagi da Hausa, kuma wannan ya dami babana ƙwarai.

Sana'ar Kaka suyar gyaɗa. Da an idar da sallar magariba sai ta sauke kasko ta bar murhu da sauran wuta, mu yaran gida mu kewaye ta, kowa da 'yar ƙonanniyar gyaɗa a tafin hannu, don ita ce rabonmu, mai kyan ta kasuwa ce. Yawancin ranaku tatsuniyar kura da dila take mana, mu yi ta ƙyalƙyala dariya har iyaye su leƙo. Amma daren Juma'a ba ta tatsuniya. Sai ta gyara ɗankwali, ta yi salati, ta ce, "Yau bakina ba ya ƙarya. Mai dariya ya tafi ɗakin uwarsa, ƙissa zan ba ku." Ni kuwa na fi son daren nan da duk sauran.

Farkon shekarun casa'in ne, ana ta ginin Abuja, babana yana sayar da kayan famfo. Shi da wasu 'yan uwansa Ibo sun bar coci sun kama addinin Yahudu, abin da ya raba shi da danginsa da dama. Ba su da yawa. A wani ɗaki bayan shagon mai walda suke taruwa ranar Asabar, ranar Lahadi da safe kuma ɗakin ya zama makarantarmu ta yara. Malaminmu sunansa Obinna, mai gyaran rediyo, mutumin kirki ne amma yana tsoron kuskure kamar wuta. Duk abin da za a koya mana yana cikin wasu takardu da aka aiko daga Legas, an yi ta buga kwafinsu har ɗigogin haruffan sun fara shafewa. Ajin farko haruffan Ibrananci, daga dama zuwa hagu irin na allo. Aji na biyu addu'o'i: ta burodi, ta wanke hannu, ta kwanciya. Aji na uku labaran kakanni da bukukuwa. Sai wanda ya haye wannan zai shiga ajin dokokin Asabar da na abinci. Abin da babu shi a takardun nan, a wurin Malam Obinna babu shi a duniya.

Haruffa da addu'o'i ba su ba ni wahala ba, hadda ce kawai. A aji na uku na maƙale. Da Turanci da Ibo ake ba da labaran, da su kuma ake so ka maimaita, ni kuma kaina da Hausa yake tunani. Kafin in juya maganar zuwa Turanci, Malam ya gaji ya wuce kan na gaba. Ƙannen bayana suka wuce suka bar ni a benci ɗaya.

Wata safiya babana ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ngozi, Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitowa daga Masar, ya kusa. Kafin nan Malam zai yi muku jarrabawa a gaban iyaye, kan labarin Musa. In kika sake faɗuwa, gabas zan kai ki, ƙasarmu ta Ibo, wurin yayata. Can jama'armu suna da yawa."

"Papa, ban san kowa a can ba."

"Za ki sani. Ban rabu da dangina saboda addinin nan ba don in zauna ina kallo 'yata tana ɓace mini a tsakar gida."

Mamana ta tashi ta shiga wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Babana ba mai maimaita magana ba ne. Tun daga ranar tsoro ya shige ni, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Da daren Juma'a ya zo, Kaka ta ga na rafka tagumi, ban ko taɓa gyaɗata ba.

"Ke Asabe, wa ya mutu?"

Na gaya mata komai.

"Annabi Musa, alaihissalamu? Au, ashe ku ma kuna da shi?"

"Ai namu ne ma, Kaka," na ce da tsiwa.

"Ji 'yar nema! Annabi gonar ubanki ne? Matso nan in ba ki abin da za ki rufe bakin malamin naku da shi."

Ta fara daga inda na sani: Fir'auna yana yanka jarirai maza, uwa ta sa ɗanta a akwati ta saki a kogi, matar Fir'auna ta tsince shi ta riƙe. Daga nan ta shiga inda ban taɓa ji ba. Ta ce wata rana Fir'auna ya ɗora yaron a cinya yana masa wasa, sai yaro ya cafki gemunsa ya fizga. Kaka ta kama haɓarta ta yi ƙara, amma ba wanda ya yi dariya. Fir'auna ya ce lallai wannan ne yaron da aka ce zai tumɓuke shi, a kira hauni mai sare kai. Matarsa ta faɗi tana roƙo: jariri ne, bai san wuta ba bai san abinci ba, in ba a yarda ba a gwada shi. Aka kawo faranti, gefe ɗaya dabino, gefe ɗaya garwashi. In ya ɗauki dabino, ya san abin da yake yi, a yanka shi. In ya ɗauki garwashi, yaro ne, a ƙyale shi.

Nan Kaka ta sa ƙarfen juya gyaɗa ta jawo garwashi ja wur daga murhu, ta ajiye shi kusa da ƙwayar gyaɗa ɗaya a ƙasa. Muka zuba ido.

"Yaro mai basira ne," in ji ta, "hannunsa dabino ya nufa. Saura ƙiris. Sai Mala'ika Jibrilu ya ture hannun. Caraf, ya damƙi wuta, ya kai baki kamar yadda jarirai ke yi. Harshe ya ƙone. Shi ya sa har ya girma yana i'ina." Ta dube ni. "Kin ji ko, Asabe? Da ya ci daɗi, da ya sha wuƙa. Wani abin da ya ƙone ka shi ne ya cece ka."

Ranar jarrabawa ɗakin ya cika, iyaye a baya, mu a gaba, mai walda yana ta ƙarar ƙarfe a waje. Na kawo addu'o'ina daidai. Da aka zo kan annoba goma da suka sauka a Masar sai Turancin ya gudu ya bar ni, na kawo wasu, na cakuɗa wasu. Malam Obinna ya ji tausayina, na ga haka a fuskarsa. Ya ce, "Tambaya ta ƙarshe. Da aka aiki Musa wurin Fir'auna, ya ce harshensa mai nauyi ne. Me ya sa? Faɗi da kowane yare kika ga dama."

Kai, daɗin da na ji! Na ce yau Allah ya kawo ni gidana. Amsar da ke cikin takarda ita ce saboda tawali'u, amma ni ina ruwana da takarda, ina da wadda ta fi ta. Na gyara tsayuwa, na buɗe baki da Hausa tsantsa: "Wata rana Annabi Musa, alaihissalamu, yana jariri…"

Ban ma san na ce "alaihissalamu" irin na Musulmi ba, bakina ne ya saba. Na ji wata mata ta ja numfashi a baya, amma na ci gaba. Na ba da labarin gemu, na kira hauni, na kawo faranti, na ajiye dabino da garwashi. Yaro ya miƙa hannu ke nan sai Malam ya ce, "Tsaya. Wa ya gaya miki wannan?"

"Kakata."

"Kakarki tana gabas."

"Kaka Delu, mai gidanmu."

Wallahi bai yi mini tsawa ba. Ya ɗauki takardunsa ya shiga dubawa shafi bayan shafi, da gaske nema yake ko zai samu. Ya buɗe littafinmu mai tsarki ya duba wurin. Can ya ɗago ya ce a hankali, "Babu. Wannan ba namu ba ne." Na waiwaya na dubi babana. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Washegari Kaka, wadda ba ta taɓa zuwa ƙofar ɗan haya ba, ta dogara sandarta har bakin ɗakinmu. Babana ya fito ya durƙusa ya gaishe ta.

"Baban Asabe, in laifi ne nawa ne. Ni na ba ta labarin. Ka hana ta zama wurina, na yarda, amma kada ka raba yarinya da uwarta."

"Mama, ba ki da laifi. Kin riƙe ta kamar jikarki, na gode. Amma taura biyu ba ta taunuwa."

"Yarinya ce fa. Shekararta nawa?"

"Shi ya sa, Mama. Tun tana ɗanya."

Kaka ta juya ta koma ɗakinta. Bayan idi da 'yan kwanaki aka kai ni tasha. Ta aiko mini da ƙullin gyaɗa, mai kyan, ta kasuwa, amma ita ba ta fito ba. Mamana ta ce ta kulle kanta a ɗaki tun asuba.

A gabas yayar babana ta riƙe ni da gaskiya, ba zan yi mata ƙarya ba. Na iya Ibo, na haye ajin da ya gagare ni, na wuce na gaba. Amma na yi kuka har na gaji, kuma na daɗe ina jin haushin kowa: Malam, babana, har Kaka da ta ba ni labarin. Sai da na gama sakandare na sake taka Suleja. Na tarar an sayar da gidan, an yi shaguna a inda murhun yake. Kaka ta rasu tun tuni, ba wanda ya aiko ya gaya mini.

Yanzu ni ke koyar da yara a irin wannan makaranta ta ranar Lahadi, kusa da Abuja. Wata shekara aka aiko mana da kwalin littattafai, ciki har da na labaran da malamanmu na da can suka riƙa bayarwa don bayyana abin da littafi ya taƙaita. Ina dubawa don in ga wanda zai dace da aji na uku, sai ga shi. A nan kambin Fir'auna yaron ya cire, ba gemu ya ja ba, kuma zinariya aka ajiye maimakon dabino. Amma ga garwashin, ga mala'ikan ya ture hannu, ga harshe ya ƙone. Ashe namu ne mu ma, tun ɗaruruwan shekaru. Takardun Legas ne kawai ba su ɗauko shi ba. Na zauna a ƙasa cikin ajin na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa a ranar.

Na ɗauki littafin na tafi Gauraka, inda babana ke zaune yanzu, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na gaya masa abin da na gani. Na buɗe zan karanta masa da Turanci, sai ya ɗaga hannu.

"A'a. Faɗa mini yadda ta faɗa miki. Ranar nan ba a bari kin ƙarasa ba. Yaron ya miƙa hannu, sai me?"

Ashe duk shekarun nan ya riƙe inda aka tsayar da ni. Na ƙarasa masa da Hausa.

Na ce, "Papa, Malam bai sani ba ne. Ba shi da littafin."

"Malam bai sani ba," ya ce. "Amma ba Malam ne ya sa ki a mota ba."

Na sa labarin a darasin aji na uku, yara suna sonsa. Idan na zo ƙarshe nakan gaya musu abin da Kaka ta ce, cewa wani abin da ya ƙone ka shi ne ya cece ka, su kuma su gyaɗa kai. Ni dai ban gama yarda ba. Na juya maganar nan shekara da shekaru ina neman abin da tafiyata gabas ta cece ni daga gare shi, ban samu ba. Abin da na sani shi ne babana yana sona, tsoro ne ya sa ya yi abin da ya yi, kuma tsohuwar da ta raɗa mini suna ta mutu tana zaton ita ce ta cuce ni.